Kalmar Sirrin da Mama Ta Ƙi Sani

Gidan hayar da na taso a unguwar Muchia gidan aro ne. Dutsen guga in ya fita daga ɗakinmu da safe, sai dai mu bi sawunsa ƙofa-ƙofa da yamma. Ba a cewa a'a. Wanda ya ce a'a sau ɗaya, sunansa marowaci har ranar da zai kwashe kayansa. A cikinmu kuwa babu mai sakin hannu kamar Mama, tsohuwar malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, wadda ɗakinta ke kallon namu.

Da ta yi ritaya sai ta ɗauko wa kanta aiki. Jikokinta ba sa jin yaren ƙauyensu, sai Hausa da Turanci, abin kuma yana cin ranta. Duk sanda ta je gida sai ta zauna da tsofaffi ta ɗauki muryarsu a waya: waƙoƙin niƙa, waƙoƙin raino, sunayen ganyaye. In ta dawo ta zuba su a wata tsohuwar laftof da 'yarta ta Kaduna ta ba ta, ta goge na wayar don ta samu wuri, ta zauna tana saurare tana bugawa da yatsa ɗaya. Yawancin muryoyin na yayarta ne, wadda ta rasu ba da jimawa ba. In laftof ɗin nan ta tafi, muryar ta tafi ke nan.

Ni lokacin na gama sakandare, ina aiki a wani shagon buga takardu a Samaru. Mai shagon ya gaji da cutukan kwamfuta da filash ɗin ɗalibai, 'yan ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin inji, ke kwasowa, ya sa wa injinansa duka Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gani. A wurinsa na koya, da tsawa. Ni ma ba haƙuri gare ni ba, sai muka daidaita.

Ranar da Mama ta kawo mini laftof ɗinta, sai ka kunna ta ka je ka yi wanka ka dawo ba ta gama tashi ba. Na kwafe kayanta a filash, na share injin tas, na sa mata Linux, na mayar da komai. Na buɗe mata asusu biyu.

Na ce, "Mama, ki duba da kyau. Wannan ɗakinki ne, yana da kalmar sirri. Wannan kuma zaure ne, na masu aro. Duk wanda ya zo, ki shigar da shi zaure. Ko rawa ya yi a ciki ba zai taɓa kayanki ba."

Ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. "Zaure ai na baƙi ne, ɗiyata. Wane ne baƙo a gidan nan?"

"Kowa baƙo ne a cikin kwamfuta."

"Har mamanki?"

"Har ni."

Ta yi dariya ta ce yaran zamani ba su da kunya. Na miƙa mata filash ɗin na ce ta ɓoye, shi ne ajiyarta in wani abu ya faru.

Ba a jima ba na ji yaran gidan suna rera kalmar sirrin a bakin famfo kamar karatun allo. Na canza. Washegari mai kawo ruwa ya gaishe ni da sabuwar. Na shiga ɗakinta raina a ɓace.

"Mama, sirri ake ce masa fa!"

"To in mutum ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, in ce masa ya tsaya a waje? Ni na yi wa uwarsa wankan jego."

Na ce ta yi yadda ta ga dama, na fita. Ba taurin kai ba ne, na gane daga baya. Bakinta ne bai san hanyar a'a ba. Shekara da shekaru tana raba alli da abinci, yanzu ni ƙaramar yarinya na zo ina so ta koyi rowa da furfura.

Matar wani mai gyaran babur ce ta yi ɓarnar, mai ɗakin ƙarshe. An yi bikin ƙanwarta, aka ba ta bidiyon a katin waya, tana so ta kwafe kafin a karɓe. Ta ari laftof ɗin, ta shiga da kalmar sirrin Mama. Injin ya ce babu wuri. Sai ta nemo foldar da ta fi girma, ta kunna ɗaya ta ji tsohuwa na waƙa da wani yare, ta ɗauka tarkace ne, ta goge, ta zubar da kwandon sharar injin, ta zuba bikinta.

Na dawo daga aiki na tarar da Mama a bakin ƙofa, laftof a cinya. Da na fahimci abin da ya faru sai na ce, "Ina filash ɗin?"

Ta sunkuyar da kai. Mai kiɗan bikin ya zo aro, ta ba shi. Ya share ya cika da waƙoƙinsa.

Na cire gyalena na nufi ɗakin ƙarshe. Mama ta riƙo hannuna, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ina za ki?"

"In je in gaya mata abin da uwarta ba ta gaya mata ba."

"Ni na ba ta makulli. Zauna."

Na zauna, na kashe laftof ɗin, na ce kada wanda ya ƙara kunna ta, don abin da aka goge yana nan kwance a ciki sai an rubuta wani a kansa. Da safe na ɗauke ta a jaka zuwa Samaru. Mai shago ya ji labarin ya zage ni, ya zagi gidanmu, sannan ya ba ni tebur da wani faifan ajiya. Na tayar da injin daga filash ɗin shago don kada a taɓa cikinsa, na sa manhajar tono ta bi faifan laftof ɗin lungu-lungu. Wuni guda baƙin allo yana ƙirga, ni ina buga wa ɗalibai aikinsu ina leƙe.

Abin da ya fito ba suna, sai lambobi, a cakuɗe da hotunan mutanen gidanmu da ban taɓa so in gani ba. Muka zauna da Mama muna kunnawa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan kowace ina rubutawa. Wasu sun dawo lafiya. Wasu bidiyon biki ya hau kansu, sun tafi. Waɗanda suka fi ciwo su ne na tsakiya: yayarta ta ɗauko waƙa, murya tana hawa, sai ƙit. Mama takan ci gaba da motsa baki bayan sautin ya yanke.

Matar mai babur ta zo ta zube a ƙasa tana kuka tana "Mama abeg, ki yafe ni." Mama ta ɗaga ta, har da ba ta ruwa. Ni na kalli bango.

Bayan ta fita Mama ta ce, "Ɗiyata, gobe wani zai zo, kuma zan ba shi. Na san kaina."

"To me kike so in yi? In ɗaure ki?"

"Wannan babban makullin da kike bugawa in za ki yi gyara, wanda injin ba ya musu da shi. Za ki iya sa kayan yayata a ƙarƙashinsa? Yadda ko ni ba zan iya gogewa ba?"

Na ce ana yi. Za ta iya saurare, amma gogewa ko canzawa sai mai kalmar sirrin shugaba, wato babban makullin da take faɗa.

"To ki sa sabuwa. Kada ki gaya mini."

"Kayanki ne fa, Mama."

"Shi ya sa. In na sani zan faɗa. In ban sani ba, sai in ce ban sani ba, kuma ban yi ƙarya ba. Injin ya ƙi, ni in ba da haƙuri."

A gabanta na yi. Na cire asusunta daga masu ikon shugaba, na mayar da foldar mallakin shugaban, na bar mata izinin karatu kawai. Da na zo buga kalmar sai ta juya baya ta rufe ido da tafin hannu kamar yarinya. Na ce ta gwada gogewa. Ta danna, injin ya ce ba ta da izini, ta tafa hannu ta ce, "Madalla da marar kunya!" Na kira 'yarta ta Kaduna na faɗa mata kalmar, don ni ma mutum ce. Sabon abin da Mama ta ɗauko yana zama a wata folda daban. Ranar Asabar nakan shiga in mayar da shi ƙarƙashin makulli, in sabunta tsarin, in kwafe a faifan da ke zaune a Samaru, inda hannun aro ba ya kaiwa.

Aro bai tsaya ba. Kalmar ɗakinta har gobe kowa ya sani. In wuri ya cika aka ce ta goge wani abu, sai ta buɗe hannu ta ce, "Ayya, sai dai ku tambayi yarinyar nan." Ba wanda ya taɓa tambayata.

Waƙoƙin da suka yanke kuwa, ita ta ƙarasa su. Takan kunna yayarta har inda murya ta tsaya, ta danna ɗauka a waya, ta ɗora daga nan da tata muryar mai rawa. Inda ta manta baiti sai ta faɗa a fili cewa a nan akwai wani abu, ta manta, sannan ta wuce.