Saurayi Mai Bakin Tsohuwa

Ga shi can a kasuwar coci ta ranar Asabar, dogo kamar falwaya, rana ta gasa masa wuya ja jawur. Irin yaran Turai ne da ake turo mana aikin sa kai, su gyara yankinmu na Karoo kafin hutunsu ya ƙare. Ya taje gashi, ya sa rigar da ya goge da kansa, ga shaidar ƙuna a kafaɗa. Teburin Elzaan mai suyar fanke ya nufa, ko makaho ya san ba fanke ya kawo shi ba.

Ya dafa ƙugu, ya yi ajiyar zuciya, ya saki yarenmu na Afirkans da ya koya.

"Wayyo 'yar nan, kin rame! 'Yar gidan wa ce ke? Ni dai gwiwoyin nan sun hana ni sakat."

Nan na gane masaukinsa. Masu gidan suna wuni a gona, sun bar shi a baranda da tsohuwarsu Kaka Truia, ya haɗiye salon maganarta har da tarin. Shi a zatonsa hirar samari yake yi.

"Yaran zamani ba kunya," ya ƙara, yana kashe mata ido.

Elzaan ta dube shi sama da ƙasa, ta goge hannu, ta jawo kujera.

"Zauna, Kaka, kada ki faɗi. Bari in zaɓo miki mai laushi, saboda haƙora."

Ya zauna yana washe baki, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Shi dai a ganinsa ya yi budurwa.