Ba a Rubuta Sunan Rijiya a Jikin Guga

Duk wanda ya san taubashina Mamman Sani ya san ba ya zama. A tsaye yake buga ordinata, wato kwamfuta, ƙafa ɗaya kan kujera, yana tauna goro yana zagin na'urar. Ni lakwal, makarantar boko, ta koro ni da wuri, shi ta kai shi har Yamai, amma shekarar fari buro ɗaya, ofishin agaji, ya haɗa mu nan Damagaram. Shi ya rubuta lojisiyel, wato manhajar rabon hatsi, ni ina shigar da sunayen masu karɓa.

Lojisiyel ɗaya ake yawo da shi gari-gari, amma kowane gari da nasa baz, wato rumbun da sunayen mutanensa suke. Adireshin baz da modepas, kalmar sirrin shiga, ya rantse ba za su shiga cikin lojisiyel ba. Ya ware musu ɗan fishiye, wato fayil, a gefe, ya sa masa suna igiya. Ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji ba a rubuta sunan rijiya a jikin guga.

Patoro kuwa, maigidanmu a buro, sauri yake so. Kamiyo, babbar motar hatsi, na jira a Gaffati, ya ce a cusa adireshin ciki a wuce wurin. Mamman Sani ya ƙi, sai patoro ya sa wani ya cusa a ɓoye. Da aka kai lojisiyel ɗin Garagumsa, mutane na tsaye a rana da buhuna, mai kira ya yi ta kwarara sunayen 'yan Gaffati, babu mai amsawa. Taubashina ya matso a ladabce: "Ranka ya daɗe, ko a kwaso 'yan Gaffatin su zo su amsa?"

Ni modepas ɗin da ya ba ni shi ne IdiRaggo. Kullum da safe sai na zagi kaina kafin in fara aiki. Da na yi ƙorafi ya ce, "Gaskiyarka, a sauya. Duk Damagaram za ta iya cankarsa."

Rabo ya rage saura garin Damagaram Takaya, ciwo ya kwantar da shi. Can mutane sun fara ɗaure kaya za su yi kudu, patoro ya rasa inda zai sa kansa. Na je gidan likita na ce wa Mamman Sani ni ban iya ba. Bai ko buɗe ido ba. "Bawana, layi uku ne a igiya. Sauya su, kar ka taɓa sauran. Ko jaki zai iya, shi ya sa na zaɓe ka."

Na je, na sauya. Suna na farko da aka kira, wata tsohuwa ta amsa. Na dawo a kamiyon da babu kaya don in yi masa gori, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu.

Patoro aka yaba wa a Yamai. To, su ƙarata.

Allah ya yafe masa bakin nan nasa, ya sa ya tarar da hatsin a can.