Tashe a Ajin 'Ya'yan Japanawa

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba, na koyar da Turanci a wata 'yar makaranta ta 'ya'yan Japanawa masu aikin kamfani a nan Jidda. Yara goma sha ɗaya ne a ajina, 'yan shekara bakwai zuwa tara. Makarantar ce kafilina, mai tsaya min a wurin hukuma; iƙamata, wato takardar izinin zama, da ta iyalina duk a hannunsu suke, kuma saura wata biyu su ƙare. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda mutum yake komawa mai ladabi idan iƙama ta kusa mutuwa. Ko tuƙin jirgi aka ce in koyar, cewa zan yi na iya.

Shugabar makarantar mace ce mai sanyin magana, ba ta rabuwa da ɗan littafinta na rubutu. Wata rana ta kira ni ta ce ƙarshen wata akwai Halowin, bikin nan na Turawa da yara suke shigar dodanni suna bin gidaje ana ba su alewa. Tunda ni ne baƙo mai Turanci, ni zan nuna wa yara yadda ake yi. Ta tambaye ni ko mun saba yi a gida. Ni da na tashi a lungun Zariya, ko sunan ban taɓa ji ba sai da na girma. Na ce mata sosai ma.

Da na koma unguwarmu Madain Fahd na gaya wa matata, dariya ta yi har da riƙe ciki, wai da gemuna da digirina zan zama dodo. Na ce mata iƙama. Ta tashi ta zubo min abinci.

Na duba a waya na ga dai uwar bikin kabewa ce: a ƙwaƙule cikinta, a yanka mata ido da baki, a sa fitila. Sai na kira abokina, wani Bahaushen Sudan mai sayar da kayan miya, na ce ya ajiye min manya guda shida, zan biyo da safen ranar. Kunya ta hana ni faɗa masa abin da zan yi da su. Da safen na isa, ya miƙo min ledoji yana fara'a.

"Ya akhi, na san uwargida za ta sha wahala, sai na fere maka na yayyanka. Halas, sai tukunya. Yalla, kar ka makara."

Kabewa shida, duk an gyara su tsaf don miyar taushe. Me zan ce wa mutumin da ya yi sammako don ya kyauta min? Godiya na yi masa na hau mota.

A hanya nake lissafin abin da ya rage na bikin idan an cire kabewa: yara su yi shigar ban dariya, su bi ƙofa-ƙofa, a ba su wani abu. Sai na ga ai wannan tashe ne, wanda muke yi muna yara idan azumi ya kai goma. Na tsaya a kantin magani na sayi auduga. A makaranta na tattaro matasan kai da gwangwanayen madara.

Yaran nan fa ko takalmi suka cire sai sun jera shi, magana kuwa sai ka kasa kunne. Na liƙa musu gemun auduga, na cusa musu matashi a ciki, na koya musu tafiyar tsoho da sanda. Ɗaya ya ba da waƙa, saura su amsa, da 'yan kalmomin Turancin da muka yi a makon. Muka bi ofis-ofis ana dukan gwangwani. Wata yarinya da tun farkon zango ban ji muryarta ba, ita ta ƙwace ba da waƙar, gemunta ya karkace har kunne. Na yi dariya har da hawaye, rabona da irinta na manta. Shugaba tana gefe tana rubutu.

Bayan kwana uku ta kira ni. Ashe mahaifiyar wani yaro ta zauna a Amurka, ta ga hotuna, ta ce wannan ba Halowin ba ne. Shugaba ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce wasan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta, yara sun rubuta wa kakanninsu a Japan wasiƙa cewa haka Turawa suke bikinsu, da gemu da gwangwani, saboda malaminsu ne ya faɗa. A wurinsu kuma wanda ya yi kuskure shi yake tsayawa gaban mutanen ya ba da haƙuri da bakinsa.

Haka na tsaya gaban yara goma sha ɗaya na rusuna irin nasu, bayana yana ƙara. Na ce abin da muka yi ba na Turawa ba ne, namu ne, sunansa tashe. Yarinyar nan mai ba da waƙa ta ɗaga hannu.

"Malam, abin kunya ne a garinku? Me ya sa ka ɓoye sunansa?"

Na ce su fito da littattafansu.

An sabunta iƙamar, alhamdulillahi. Tare da ita aka ba ni takarda mai shafi uku ta yadda ake Halowin na gaskiya. Shekara huɗu na yi ina bin takardar nan, da kabewar roba, komai a kan minti. Ba wanda ya sake kuka da ni, ni kuma kullum na dawo gida kamar wanda ya yi dako.

Ƙaryar ta daina damuna tuntuni, mai iyali a ƙasar mutane ya yi wadda ta fi ta. Abin da ya tsaya min daban ne. 'Ya'yana a nan aka haife su, suna jin Hausa su amsa da Larabci. Wani azumi ina ba babbar 'yata wannan labarin, ta sha dariya, sannan ta ce, "Baba, ya'ni esh tashe?" Wato mene ne tashe.

A Japan yau akwai samari da 'yan mata goma sha ɗaya da suka iya ɗaura gemun auduga, ga tawa tana tambayata da Larabci. Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na ji gajiya ta sauko min. Na ce ta bari sai an sha ruwa. Azumi uku ke nan, har yanzu ban yi mata ba.