Tattaki Zuwa Ƙofar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, magana ma sai ta bi ta bakin wani. To, da wane baki zan yi mata zancen kullutun da ƙanwata ta raɗa mini ya fito mata a ƙirji?

Lokacin ina koyarwa a Boɗinga, ƙarshen mulkin farar hula, sabulu ma sai an bi layi. Sai ga ɗaliban jinya daga Sakkwato sun shirya tattaki zuwa Shagari, garinmu, don neman taimako da wayar da kai kan ciwon daji. Aka ce a can wata ma'aikaciyar jinya za ta duba matan gari kyauta. Na ce madalla, saƙon da baki ya kasa kaiwa, bari ƙafa ta kai.

Na shiga cikinsu. Da muka tashi, kai, ka ga jama'a! Ashe ganin kwalaye da tuta sun ɗauka yawon siyasa ne. Wani tsoho har da riƙo hannuna: "Malam, wace jam'iyya ta? Ina tamu shinkahwa?" Da suka ji zancen ciwo ne, kafin Sifawa duk sun zame. Haushi kamar ya kashe ni. Ɗaliban na gaba suna waƙarsu da Turanci, ni ina baya, ba abokin hira sai gonaki da takalmin da ke cina. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Muka iso da la'asar. Mata suka taru gindin bishiya, na duba, na sake dubawa, babu Inna. Na roƙi ma'aikaciyar ta biyo ni gida.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura. Matar ta yi bayani cikin natsuwa. Inna ta ƙara jan mayafi, ta ce, "Lahiyata lau." Sai idonta ya sauka kan ƙafafuna da suka fashe, ta juya ga ƙanwata.

"Ce ma wancan shi zamna, ki ɗumama mai ruwa. Malama, in magani kika zo yi, ga mai ciwo nan."

Aka gasa mini ƙafa, Inna tana kallon bango, ni ina haɗiye kuka. Ba ta kai girbin gero ba.