Ranar da Baffa Ya Rataye Malafata

Ni zabiya ne. Haka aka haife ni a cikin birnin Kano, fari sol, gashina kamar audugar rimi, idanuna ba sa iya kallon haske sai na ƙanƙance su. Yanzu na tsufa, abubuwan yarinta da yawa sun ɓace mini, amma akwai wata damina, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, da har yau in na tuna ta sai in ji zuciyata ta tafasa.

Lokacin ban kai shekara goma ba. Mahaifina yana da rumfar kayan yaji a Kasuwar Kurmi, a shekarar kuwa ya bi jirgin ƙasa zuwa kudu sayo kaya, ya bar gida a hannun wansa, wanda muke kira Baffa. Gida ɗaya muke, sashe ne kawai ya raba mu. Baffa manomi ne, gonarsa tana bayan Ƙofar Kabuga.

Ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata, Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ko yi mini magana a gaban mutane. Amma ita ce ta gane tun ina goye cewa rana ba ta ƙaunata. Ta sa aka ɗinka mini riga mai dogon hannu, ta aika aka sayo mini malafa mai faɗi. Dokarta kuwa ita ce daga hantsi har la'asar in zauna a inuwa. Baffa yana kallon wannan duk a matsayin ɓata yaro. Ashe wani daga cikin abokan hirarsa na ƙofar gida ya gaya masa wai zabiya rashin gasuwa ne kawai, in rana ta dake shi sosai zai rine ya koma kamar kowa. Shi kuma ya hau kai ya zauna.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya tsaya a bakin sashenmu ya ɗaga murya.

"A turo mini yaron nan, yau da shi za mu gona."

Inna ta amsa daga cikin ɗaki. "Yaya, ai ka san rana ba ta yi masa."

"Na ce a turo shi. Ubansa ni ya bar wa gidan nan, ba ke ba."

Ta sa mini rigar, ta ɗaure mini igiyar malafar a haɓa har ta matse ni, ta raɗa mini a kunne cewa kome za a yi kada in cire. Gaskiya murna na yi ta yi. Ban taɓa fita bayan ganuwa ba. Na bi Baffa da 'ya'yansa maza muka fita ta ƙofar, ina ta ƙanƙance ido ina kallon dawa kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwa.

Muna isa gonar ya juyo gare ni.

"Cire wannan rigar."

"Baffa, Inna ta ce kada in cire."

"Innarka ce ke noma a nan ko ni? Kai mace ce da za ka lulluɓe kamar mai jego?"

Da hannunsa ya tuɓe mini. Ya kwance malafar, ya haɗa da rigar ya rataye su a reshen wata ɗorawa, can sama inda ko na yi tsalle ba zan kai ba. Ya miƙo mini fartanya. 'Ya'yansa ya tura su cikin dawa, inda ta yi tsayi tana ba su inuwa, ni kuma ya sa ni a kunyoyin gyaɗa, fili fetal. Da gangan ya yi, ya ma faɗa da bakinsa: "Yau za mu ga ko fatar nan ba ta jin magana."

Duk wanda ya san ranar da ke fitowa bayan ruwa ya san yadda take cizo. Kafin hantsi ya ɗaga sosai na fara jin kafaɗuna suna zafi. Sai bobuwa, ƙudan nan mai bin shanu, ta samo ni. In na sunkuya ta sauka a bayana, in na kai mata duka in mari wurin da rana ta riga ta ƙona. Hawaye suna ta zuba don haske, ba na ma bambance gyaɗa da ciyawa. Na je na ce wa Baffa jikina yana ciwo. Ya taɓa kafaɗata, ya duba, ya yi murmushi.

"Ka gani? Har ta fara ja. Aiki take yi. Koma."

Da rana ta take tsaka, jiri ya fara ɗibata. Na faki idonsa na rarrafa ƙarƙashin wani ɗan kalgo a bakin gona na zauna. Ban ga abin da ke wurin ba, ina zan gani? Gidan cinnaka ne. Kafin in ankara sun hau cinyoyina da ƙugu har ciki. Na zabura ina ihu ina birgima a ƙasa, yashi yana goge ƙonannen bayana. 'Ya'yan Baffa suka fito daga dawa suna ƙyaƙyata dariya. Su yara ne, na daɗe da yafe musu. Amma shi babba, mai gemu, cewa ya yi alhakin gudun aiki ne ya kama ni. Bai sauko mini da rigata ba sai da aka yi la'asar, kuma da na sa ta ji na yi kamar an lulluɓa mini ƙaya.

Ban san yadda na kai gida ba. Na dai tuna Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta gan ni, rariyar ta suɓuce daga hannunta. Ba ta tuɓe rigar ta kaina ba, wuƙa ta ɗauko ta tsarge ta daga wuya har ƙasa. Ta kwantar da ni rubda ciki a kan tabarma, ta ɗebo ruwan randa mai sanyi, ta riƙa jiƙa wani tsohon ɗankwalinta mai laushi tana ɗora mini a baya. Ba ta gogawa, sai dai ta ɗora, in ya ɗumama ta sake jiƙawa. Tana yi tana ɗura mini ruwa da farau-farau kaɗan-kaɗan. Cinyoyina da cinnaka suka ciza, ta wanke su da sabulun salo, ta kwaso laka mai sanyi daga gindin randa ta shafa. Nan take ƙaiƙayin ya lafa.

Matan gida suka cika ɗakin, kowa da maganinta. Gwaggo, ƙanwar su Baffa, ta zo da kwalbar kananzir wai a shafa a cizon, wata ta ce toka, wata ta ce a kwaɓa kanwa a lafta a bayan. Inna ta ce babu wanda zai taɓa ni.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ke ko kunyar ɗan fari ba kya ji? Dubi yadda kike rawar jiki a kansa."

"Yau kam ba na ji," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba.

Washegari bayana da kafaɗuna da keyata duk sun yi bororo, manya-manya cike da ruwa, ga zazzaɓi. Baffa ya aiko da wanzami wai a farfasa su. Inna ta mayar da shi daga zaure, ta ce a bar su su fashe da kansu. Ta yanke mini farce tas don kada in sosa cizon ya zama gyambo. Ta kwanto gidan sauron mahaifina ta ɗaura mini saboda ƙudaje, da magariba kuma ta turara ɗaɗɗoya a kasko don sauron kududdufin bayan gidanmu. Sai da zafin ya fita daga fatar sannan ta fara shafa mini man kaɗanya. Na daɗe ban kwanta rigingine ba.

Duk tsawon jinyar nan Baffa bai leƙo ba. Sai da fatar ta fara saɓulewa kamar bawon albasa, ran nan ya yi sallama ya shigo. Na ɗauka sannu ya zo yi mini. Ya ɗaga gidan sauron, ya sunkuya ya ƙura wa bayana ido, har ya sa yatsa ya ɗaga wata saɓar. Sabuwar fatar da ke ƙasa ta fito fara, ta ma fi ta da. Ya yi tsaki.

"Bai ji sosai ba. Yini ɗaya ai ba ya isa. In ya warware sai mu koma."

Inna tana tsaye a bayansa da ƙwaryar ruwa. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga wa wani namiji murya ba, sai ga shi ta dire ƙwaryar har ruwan ya fallatsa masa a ƙafa.

"Yaya, wallahi ba zai koma ba. Allah ne ya halicce shi haka, kai kuma ka ɗauke shi ka gasa kamar tsire don wani ya yi maka hira a ƙofar gida. Ka zo duba shi ne ko ka zo duba aikinka? Ko sannu ba ka ce masa ba."

"Ni kike gaya wa haka? A gidanmu?"

"Kai nake gaya wa."

A ranar ta ɗaure kayanta. Da rana ta yi sanyi ta lulluɓe ni da zane, ta goya ni duk girmana, ƙannena suna biye, muka tafi gidan iyayenta a Dukawuya. Can muka zauna har mahaifina ya dawo.

Da ya zo biko, kakana ya sa na tuɓe riga don mahaifina ya ga tabon. Ya daɗe yana kallo. Ina jira in ji ya ce zai je ya sami Baffa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wana ne, me zan ce masa? Ai da kyakkyawar niyya ya yi." Wannan maganar ta ƙona ni fiye da ranar. Inna ta ce ba za ta koma ba sai ya yi alkawari a gaban mahaifinta cewa babu mai sake kai ni gona. Ya yi alkawarin, muka koma. Daga nan ya riƙa tafiya da ni rumfarsa tun da sassafe, in zauna can ciki, ina koyon citta da kanumfari da masoro da hanci, tunda ido ba ya taimakona. Sana'ar da na rayu da ita ke nan.

Baffa ya yi tsawon rai, kuma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Har na yi aure, in ya biyo ta kasuwa sai ya zauna a bakin rumfata ya riƙa ba maƙwabtana labarin yadda cinnaka suka sa ni rawa a gonarsa, suna dariya. Ran nan na bari ya kai ƙarshe, sannan na ce, "Baffa, ba ka gaya musu wanda ya tuɓe mini riga ba." Ya kakkaɓe rigarsa ya tashi, ya je ya kai ƙarata wurin mahaifina wai na yi masa rashin kunya a bainar jama'a. Mahaifina ya ce in je in ba shi haƙuri. Ban je ba.