Littafin Babayo a Cikin Jakunkunan Mata

Har yau in na tuna abin da muka yi wa Babayo a Guangzhou, sai abinci ya fita raina.

Mutumin tsaunukan Bauchi ne, siriri, ba ya son hayaniya. Gwamnati ta tura shi Romaniya karatun haɗa magunguna, ya dawo babu aiki, a 1998 ya ƙare yana raka mu 'yan Kano masana'antun jaka a Shiling, wani gari kusa da Guangzhou a ƙasar Sin. A Romaniya ya ji labarin Dasiyawa, mutanen dā na ƙasar, waɗanda Romawa suka ci da yaƙi har harshensu ya mutu. Abin da ya rage, in ji shi, sunayen 'yan tsirrai ne da na garuruwa. Labarin ya tsorata shi, don yaren mahaifiyarsa Hasiya ma tsofaffi kaɗan ke ji, Hausa ta cinye sauran. Shekara biyu ya yi yana rubuta kalmomi daga bakinta kafin ta rasu, ya cika littafi guda. Mu kuwa tsiya muke masa, muna kiransa Sarkin Dasiya.

Wata safiya muna shirya samfurin jakunkuna a masaukinmu na titin Liuhua, jirgin sama zai kai su Kano. Jaka ba a tura ta wayam, sai an cusa mata takarda kada ta lotse. Jarida ta ƙare, mai masauki ya ce "meyo", wato babu. Babayo ya fita nemo mota, littafin na kan tebur. Maidaji, abokin kasuwancina, ya buɗe ya duba.

"Ba Larabci ba ne, babu sunan Allah," ya ce. "Yaga kawai."

Na yaga. Tir da ni, da hannuna na dunƙule shafi ya fi talatin na cusa a jakunkunan.

Sai bayan kwana huɗu Babayo ya ga bangon littafin a ƙarƙashin gado. Muka buga waya Kano, aka ce an ƙone takardun da shara.

"Haba malam, yaren da ko barkono ba a saya da shi?" in ji Maidaji. "Zan sayo maka sabon littafi."

Babayo bai zage mu ba, da ma ya zaga. Ya ɗauki biro da takardar masauki, ya zauna bakin gado yana motsa leɓe har la'asar. Na leƙa. Kalma goma sha ɗaya ya iya tunowa, uku ma ya sa musu alamar tambaya.