Bokitan Shinkafata a Cikin Ɗakin Leda

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe a fannin aikin gona a Samaru, na kusa rasa digirina a kan shinkafa bokiti talatin da shida.

Aikin binciken da aka ba ni mai sauƙi ne: in shuka shinkafa a bokitai, in ba su taki iri-iri, in ga wanne ya fi. Ɗakin gilashin da ake shuka a makaranta ya cika, sai malamina ya ce in yi a gida in ina da fili. Muna zaune a Sabon Gari, ni da mahaifiyata, a gidan haya mai rijiya da bishiyar mangwaro. Saboda awakin maƙwabta da tsuntsaye, na sa wani kafinta ya kafa mini rumfa, na lulluɓe ta da farar leda ta ko'ina, ko ƙofar iska ban bari ba. Har da ma'aunin zafi na rataye a ciki, don ta yi kama da ta masana.

Bokiti talatin suka shiga. Shida suka rage, na ce a zubar.

"Ba a zubar da abin da ya tsiro," in ji mahaifiyata. Ta ja su ɗaya-ɗaya zuwa bakin rijiya, inda rana ke sauka da safe, inuwar mangwaro ta rufe da azahar.

Ita a ƙauye ta tashi, cikin fadamar shinkafa, kafin aure ya kawo ta birni ta koma sayar da abinci a kasuwa. Ni kuwa a lokacin gani nake wanda bai zauna a aji ba, bai san shuka ba.

Na shuka a ƙarshen Janairu. Zuwa Maris tawa ta yi kore shar, ta fi tata tsayi nesa ba kusa ba. Kullum na dawo daga Samaru sai na ɗauki hoto. Ruwa ya riƙa taruwa a jikin ledar yana ɗiga, ni kuma ina murna, wai ai shinkafa laima take so.

Wata Asabar da hantsi, bazara ta kankama, shinkafar ta fara fitar da kai, mahaifiyata ta leƙa ciki. Ba ta yi minti biyu ba ta fito tana fifita da gefen zani.

"Ke, buɗe mata leda ta sha iska."

"Mama, bincike ne. Ba a taɓawa."

"Ke kya iya wuni a ciki? Dubi gumina, ya ƙi bushewa. Mai fure ba ta son wannan turara."

Na yi dariya na ce shuka ba ta gumi. Ta dube ni kawai, ta ɗauki kwanukanta ta tafi kasuwa.

Bayan 'yan makonni na lura kawunan shinkafata sun ƙi sunkuyawa. Duk wanda ya taɓa noma ya san in ƙwaya ta cika, nauyi kan sa kai ya duƙa. Nawa suna tsaye ƙyam, farare. Na matsa ɗaya da yatsa, ba komai sai ɓawo. Na bi bokiti talatin ina matsawa, ina fatan ko ɗaya. Daga nan na zauna a ƙasa na fashe da kuka irin na yara. Saura wata ɗaya a miƙa aiki, ga mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk matan zumunta a coci cewa bana 'yarta za ta gama.

Ranar Litinin na je ofishin malamina da kan shinkafa guda a cikin ambulan. Ya murza, ya busa, duk ya tashi.

"Kin rubuta zafin cikin rumfar?"

"Kullum, Malam."

Ya duba littafin, ya ga ranakun da ma'auni ya haura arba'in tun kafin azahar. Ya girgiza kai.

"Dafa ta kika yi. Da hantsi shinkafa ke buɗe fure, kuma zafi irin wannan yana kashe garin furen. Ita shuka tana fitar da ruwa ta ganye don ta sanyaya jikinta, kamar dai gumi. In iska ta riga ta cika da laima, ruwan ba ya tashi, sai ta ƙone a tsaye."

Da ya ce gumi, sai na sunkuyar da kai. A hankali na ba shi labarin bokiti shida na bakin rijiya.

Washegari ya zo har gidanmu a tsohuwar motarsa. Na mahaifiyata sun duƙa da nauyi, sun fara ja. Ya tsuguna yana yi mata tambayoyi, tana amsawa tana jin kunya, tana ta cewa, "Ni ban yi boko ba, Malam." Ya ce da ni in manta da taki, bambancin tata da tawa shi ne ainihin bincikena. Amma sai na sake shi yadda ya kamata, rabi a ciki, rabi a waje.

Haka na ƙara zango guda. Abokaina suka sa rigar yaye ba ni. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ko sau ɗaya mahaifiyata ba ta ce "ai na gaya miki" ba. Ta yanke shinkafarta, ta turara, ta shanya, ta surfa a turmi. Duka ba ta cika kwano ɗaya ba. Ranar Lahadi bayan sujada ta dafa mana da miyar manja, muka ci a faranti guda, tana tura mini ɓangaren da ya fi yawa.

Yanzu aikina ke nan, zagayawa wurin manoman rani ina ba su shawarar lokacin shuka, don kada furen ya haɗu da tsakiyar bazara. Abin da na koya shi ne in fara tambayarsu abin da suka gani kafin in buɗe bakina. Mahaifiyata ta rasu shekaru kaɗan bayan na gama, gidan ma an rushe an yi shaguna. Na ci shinkafa iri-iri tun daga lokacin, a gida da waje, amma da za a ba ni zaɓi, wancan farantin zan so a sake ajiye mini, da ita zaune a gefe.